Fentanil da Ma'aunin Hukunci a Amurka

Fentanil magani ne na kashe raɗaɗin ciwo wanda ake haɗawa daga sinadarai, kuma dangi ɗaya yake da tramadol, wadda matasanmu ke kira tramol, sai dai ƙarfinsa ya ninka na hiroyin kusan sau 50. Miligiram 2 kacal na iya ɗauke numfashin mutum. A shekarar 2022 mutane fiye da 100,000 suka mutu a Amurka sanadiyyar shan ƙwaya fiye da kima, kuma sama da 70,000 daga cikinsu irin waɗannan haɗaɗɗun ƙwayoyi ne suka yi ajalinsu.

Bala'in ya faro ne daga takardar likita. Bayan da kamfanin Purdue Pharma ya fito da maganin kashe raɗaɗi mai suna OxyContin a 1996, dubban marasa lafiya suka kamu da jarabarsa, da aka tsaurara bayar da shi sai suka koma wa hiroyin, daga baya dillalai suka cika kasuwa da fentanil saboda ya fi arha kuma ya fi sauƙin ɓoyewa.

Dokar tarayya tana yanke hukunci ne da nauyi. Wanda aka kama yana fataucin giram 40 zai sha ɗaurin shekara 5 mafi ƙaranci, giram 400 kuwa shekara 10 ne, kuma idan wani ya mutu saboda abin da aka sayar masa, ɗaurin ba ya gaza shekara 20. Masu haɗa ƙwayar sun daɗe suna sauya tsarin sinadarin kaɗan domin ya fita daga jerin abubuwan da aka haramta, shi ya sa a 2018 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta haramta duk sinadarai masu tsari irin na fentanil na wucin gadi, sannan a watan Yulin 2025 aka mayar da haramcin dindindin.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, nauyin da ake aunawa na dukkan garin ne, har da abin da aka gauraya a ciki, ba na tsantsar fentanil ba. Saboda haka ƙaramin dillalin bakin titi, wanda sau da yawa shi ma jarabar ce ta sa shi sayarwa, yana iya kai wa ma'aunin shekara 5 da garin da mafi yawansa gauraye ne, alhali manyan da ke sarrafa ƙwayar a Meziko da sinadaran da ake shigowa da su daga Sin ba kasafai suke gurfana gaban alƙali ba. Hukuncin shekara 20 ɗin ma yana da illa mai tsanani, domin tsoronsa kan hana abokin shaye-shaye kiran motar asibiti lokacin da ɗan'uwansa ya suma.

Adadin mace-macen ya ragu sosai a 2024, bayan da aka halatta sayar da naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwayar ta sumar, ba tare da takardar likita ba tun 2023. Har yanzu masana na muhawara kan rabon da ɗauri ya samu a wannan raguwa, da rabon magani.