Yadda Ake Zaɓar Ma'ajiyar Kan Sarki Don Kare Shi Daga Danshi

Ku juya kan sarkin da ba a taɓa manna shi a ambulan ba, ku dubi bayansa da kyau. Wannan ɗan ƙyallin da kuke gani danƙo ne, kuma a tsofaffin kan sarki da yawa an yi shi ne da ƙaro, irin wanda ake samu a arewacin Najeriya da Cadi da Sudan. An yi shi ne domin ya jiƙe da ɗan ruwa kaɗan, saboda haka ba ya bambanta yawun mai aika wasiƙa da danshin watan Agusta. Idan danshin iska ya haura kashi 65 cikin 100 ya daɗe a haka, danƙon zai yi laushi ya kama takardar da ke ƙarƙashinsa, daga nan fumfuna ta biyo baya, sai jajayen ɗigo-ɗigo su bayyana a fuskar kan sarkin. Abin da ake nema shi ne danshi ya tsaya kusa da kashi 50, ba tare da yawan hawa da sauka ba.

Abu na farko da za ku bincika shi ne robar da ke taɓa kan sarkin kai tsaye. Ku guji PVC mai laushi, wadda ake gane ta da lamba 3 a cikin alamar kusurwa uku, ko da warinta mai ƙarfi, domin sinadarin da ake sa mata ta yi laushi yana tsattsafowa a hankali ya ɓata launin tawada. Robar foliyesta da robar folifirofilin (ta biyun ce mai lamba 5) ba su da wannan matsala, haka ma 'yan aljihunan robar folistirin da ake yi don saka kan sarki. Shafukan albam kuwa su kasance na takarda marar asid. Siririyar takardar gilasin, mai santsi da haske ke ratsawa, tana da amfani wajen ajiya ta ɗan lokaci, amma ita ma tana shan danshi.

Kuskuren da ya fi yawa yana wajen akwati. Mutum yakan zuba albam ɗinsa a leda ko adaka, ya rufe ruf a ranar da aka kwana ana ruwa, yana ganin ya tsare dukiyarsa, alhali ya kulle danshin ne tare da ita. Akwatin roba mai murfin da ba ya shigar da iska yana da kyau ƙwarai, amma sai an sa masa ƙwayoyin silika masu shanye danshi a ciki, tare da ƙaramar na'urar auna danshi. A ganina, silika mai canza launi ta fi cancanta a saya, domin idan ta ƙoshi takan juya daga ruwan lemo zuwa kore, sai a busar da ita a tanda a kan zafin digiri 120 na ma'aunin Celsius a mayar.

Ku jera albam a tsaye kamar littattafai, domin nauyin wanda aka ɗora a kan wani yana danne danƙo ya manne. Akwatin kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bangon da ruwan sama ke duka.

Da hunturu lamarin yakan juya, domin bushewar iska tana sa danƙo ya tsattsage, kan sarki ya nannaɗe. Idan na'urar ta nuna danshi ya faɗi ƙasa da kashi 40, ku cire silikar har sai damina ta kawo jiki.