Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Ziyararsa ta Duba Tsarin Ruwan Sha a Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahamatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Iyayenmu hakimi, dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai da fastoci, injiniyoyin hukumar ruwa ta jiha, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata, matasa, da 'yan'uwanmu 'yan garuwa da suka ajiye kurarsu suka zo, muna yi wa kowa barka da zuwa. A madadin kwamitin ruwa na unguwa da dukan jama'a, muna yi wa mai girma Kwamishina da tawagarsa lale marhabin, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, mun san a duk unguwar da ka sa ƙafa, roƙon farko shi ne a haƙa rijiyar burtsatse. Mu roƙonmu ya ɗan sha bamban. Muna so kafin a kawo injin haƙa ko'ina a unguwannin birnin nan, a fara neman tsarin da mutanen wurin suka zauna suka rubuta da kansu. Za mu bayyana dalili.

Ruwan famfon Kaduna daga Kogin Kaduna yake, ana tace shi a matatar Malali da ta Kaduna ta Kudu, madatsar Kangimi kuma tana tallafa wa kogin idan rani ya yi tsanani. Amma garin ya bazu cikin ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun, bututun kuwa bai bi gidaje ko'ina ba. Inda ma ya kai, ruwan yakan zo ya ɗauke. A nan ne haɗarin yake. Bututun da ke cike da ruwa yana tura ruwa waje ta inda ya tsage. Da zarar an ɗauke, sai ya koma tsotso, ya ja abin da ke kewaye da shi. Idan kuwa a cikin kwata aka shimfiɗa shi, kamar yadda ake gani a lunguna da yawa, to ruwan da zai fara fitowa ranar da aka dawo da shi yana tafe da ƙazantar kwatar. Daga nan taifot da amai da gudawa suke shiga gida, musamman a watan Agusta da lambatu ke cika ya tumbatsa. Injiniyan da ke ofis ba zai san wane bututu ne ya ratsa wace kwata ba. Mai unguwa ya sani, matar da ke tarar ruwa da asuba ta fi shi sani.

Shi ya sa matakin farko a tsarinmu shi ne ƙidaya da zana taswira, layi bayan layi: gida nawa, mutum nawa ke kwana a kowane gida, ina rijiya, ina masai da sokawe, ina bututu ya fashe, wace rijiya ce ke ƙafewa a Maris da Afrilu. Ba a ƙirga ƙofofi kawai, domin gidan haya ɗaya a irin unguwannin nan yana iya ɗaukar iyali biyar ko fiye.

Daga ƙidaya sai lissafi, kuma a nan ayyuka da dama suke faɗuwa tun kafin a fara su. Mafi ƙarancin abin da ake ƙiyasta wa mutum ɗaya na sha da girki da ɗan tsafta shi ne lita 20 a rana. Idan za a haɗa da wanka da wanki yadda ya kamata, sai ya kai lita 50. A ɗauki misalin yanki mai mutum 3,000. A kan lita 20 kaɗai, suna buƙatar lita 60,000 kullum. To ƙasar Kaduna dutse ne a ƙarƙashinta, ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi, ba shimfiɗaɗɗen tafki ba ne da ko'ina aka huda za a samu. Rijiyar da ta ba da lita ɗaya a daƙiƙa ta yi ƙoƙari. Wato lita 3,600 a awa. Idan da sola take aiki, rana mai ƙarfi wajen awa shida ce, sai a tashi da lita 21,600. Kusan kashi ɗaya bisa uku ke nan na buƙatar. Sai a ƙaddamar da rijiya ɗaya, a yanka kyalle, a tafi, bayan wata biyu dogon layi da rigima su dawo, a ce jama'a ba su da godiya. Lissafin ne tun farko ba a yi ba.

Saboda wannan dutsen, ba ma yarda a haƙa sai an yi binciken ƙasa da na'ura an gano inda tsagar take. Wurin kuma ya kasance aƙalla mita 30 daga masai ko sokawe mafi kusa, kuma kada ya zama a gangaren da ƙazanta ke malalowa. Mun san a cunkoson Tudun Wada mita 30 ba wasa ba ce. Wani lokaci dole a haƙa a harabar makaranta ko wani fili mai nisa, a jawo ruwan da bututu zuwa wurin ɗiba. Gara tsadar bututu da tsadar asibiti. Idan an haƙa, a toshe kewayen bakin rijiyar da siminti zuwa 'yan mitoci ƙasa don kada ruwan sama ya silale ta gefen kesin, wato bututun da ake zurawa cikin ramin, a yi daɓe mai gangara da magudana. Sannan a yi gwajin jan ruwa na awa 24 a ga iyakar abin da rijiyar ke bayarwa kafin a sayi sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama. Sumo mai ƙarfin da ya wuce rijiya yana zuƙe ta ƙaf, ya ci gaba da juyawa ba ruwa, ya ƙone. Ƙaramar na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa ba ta kai kuɗin sabon inji ba, amma sau da yawa ita ake fara cirewa daga kwangila.

Ruwa ya yi garau ba ya nufin ya tsarkaka. Kafin a buɗe wa jama'a, a kai samfuri ɗakin gwaji, a kuma maimaita da damina da rani. Garin kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, ana jiƙa giram 15 a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye. Wannan lita ɗaya ita ce ma'aunin farawa ga tanki mai lita 10,000. Bayan an zuba, a jira minti 30, a auna a bakin famfo. Abin da ake nema shi ne sauran kulorin a ruwan ya kasance tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a kowace lita. Idan bai kai ba, ƙwayoyin cuta na iya tsira. Idan ya zarce sosai, mutane za su ji wari su koma rijiyar gida, aikin ya tashi a banza. Tanki a wanke shi aƙalla duk wata shida, a rufe bakinsa. Farantan sola kuma a riƙa goge su, musamman da hunturu, domin ƙura tana rage musu ƙarfi ƙwarai.

'Yan garuwa suna cikin tsarin, ba mu ɗauke su abokan gaba ba. Su ne ke kai ruwa lungun da bututu bai shiga ba. Abin da aka amince shi ne su ɗiba a wurin da aka gwada, su riƙa wanke cikin jarkokinsu, kuma kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi.

Sai batun kuɗi, wanda mutane ba sa son ji. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rijiyoyin da suka mutu a unguwanni, mafi yawansu ba ƙafewa suka yi ba. Kan famfo ne ya lalace, ko waya, ko sumo, aka rasa wanda zai biya. Tsarinmu ya tanadi ɗan kuɗi a kan kowace jarka, wanda taron unguwa zai yanke, tare da rangwame ga marayu, zawarawa da tsofaffi marasa ƙarfi. A sa mita a bakin tanki, kowace yamma a gwada litar da ta fita da kuɗin da ya shigo. Idan suka saɓa, ko dai akwai yoyo ko akwai hannu. Kuɗin ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, a raba shi gida uku: alawus ɗin mai kula da famfo, gyaran yau da gobe, da ajiyar sayen sabon sumo, wadda ba a taɓa ta ko da bikin waye. Duk wata uku a karanta lissafi a bainar jama'a. Kuma mun sa sharaɗin a samu mata a kwamitin, har da kujerar ma'aji idan jama'a sun zaɓa, domin su ne suka san sa'ar da ruwa ke yankewa.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya fi ƙarfinmu. Muna roƙon hukumar ruwa ta jiha, KADSWAC, ta turo injiniya ya bi taswirarmu, a ɗage bututun da ke kwance cikin kwatoci, a fara da waɗanda muka yi wa jan alama. Muna roƙon a sanar da ranaku da sa'o'in da za a riƙa sako wa kowane yanki ruwa, ko da sau biyu ne a mako, don mutane su shirya. Muna roƙon a horar da matasanmu biyu ko uku kan gyaran sumo da sola, a ba kwamiti na'urar auna kulorin. Idan kuma ana aikin titi ko kwalbati, a sanar da hukumar ruwa tun kafin katafila ta shigo, domin bututun da aka tsinke aka binne yakan daɗe ba a gano shi ba. Daga ƙarshe, duk ɗan kwangilar da aka ba aikin rijiya, kada a biya shi cikon kuɗinsa sai ya miƙa wa kwamiti takardar zurfin rijiya, sakamakon gwajin jan ruwa da na ɗakin gwaji.

Ga kwafin tsarin da taswirar za mu miƙa maka hannu da hannu. Bayan an yi addu'a, mai unguwa zai ja gaba zuwa layukan da muka yi wa alama, sannan mu ƙarasa wurin tanki a auna kulorin a gabanka. Hanyar akwai taɓo a wasu wurare, a yi mana haƙuri.

Allah ya saka da alheri, ya yi maka jagora a aikinka, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum.