Wa Ya Sa Aka Rubuta "Da Zafi" a Jikin Kofin?

Kun dai ga hoton nan da ke ta yawo. Kofin kofi ne, an buga masa "Hattara, da zafi", wani kuma ya ƙara a ƙasa cewa saura gwamnati ta turo ma'aikacin da zai riƙa hura mana kafin mu kurɓa. An sha dariya, kuma barkwancin ya yi daɗi. Sai dai ya jefi wanda ba shi da hannu a ciki.

Ba wai gwamnatoci ba sa shiga sharo ba shanu ba. Suna yi! Singafo ta haramta sayar da cingam a 1992. Magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya tashi ƙayyade girman kofin lemo a 2012, kotu ta yi fatali da dokar. Denmak ta ɗora wa kitse haraji a 2011, mutane suka riƙa tsallakawa Jamus sayen man shanu, ba a jima ba aka soke.

Amma na kofi daban ne, a nan ake tafka kuskuren. Ba majalisa ce ta zauna a kansa ba, kamfanoni ne ke bugawa saboda tsoron kotu. Shari'ar da kowa ke kafa hujja da ita kuwa, ku tsaya ku ji yadda take.

1992, garin Albuquerque a Amurka. Wata dattijuwa mai shekara 79 ta sayi kofi a gidan sayar da abinci na McDonald's. Ba ita ke tuƙi ba, motar ma a tsaye take. Ta buɗe murfin za ta zuba sukari, ya kife mata a cinya. Zafinsa ya haura digiri 80. Kwana 8 ta yi a asibiti, sai da aka yi mata dashen fata. Hotunan ba za mu nuna ba, ba su kalluwa. Dala 20,000 ta nema, kamfanin ya ce 800 zai bayar. A kotu aka gano ƙorafin ƙuna sama da 700 sun riga nata.

To, masu cewa yanzu ba wanda ke ɗaukar laifin kansa, ga inda ba a kai ku ba: masu taya alƙali yanke hukunci sun ɗora mata kashi 20 cikin 100 na laifin, suka zaftare shi daga diyyarta, 200,000 ta koma 160,000. Ni dai a ganina an yi rabon adalci.

Dala miliyan 2.7 ɗin da ake ta yayatawa cewa ta samu fa? Tarar ladabtarwa ce, kusan cinikin kofin kamfanin na kwana biyu. Alƙali ya rage ta zuwa 480,000, daga baya suka sasanta a asirce.