Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Taron Masu Tsara Manhajoji da Na'urori

Mai girma Minista, shugaban wannan zama, malamanmu, abokan sana'a, 'yan jarida, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin masu tsara manhajoji da na'urori da ke zaune a gabanka, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san ayyuka sun yi maka yawa, amma ka ajiye su ka amsa gayyatarmu. Allah ya saka da alheri.

Mutanen da ka zo gani ba a cika jin sunansu ba, alhali hannunsu yana cikin aljihun kowa. Mu ne muke yanke inda madanni zai zauna a fuskar waya, da girmansa, da launinsa, da kalmar da za a rubuta a kansa. Mu ne kuma muke yanke abin da zai faru in mutum bai taɓa komai ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi, domin yawancin jama'a yadda suka tarar da saiti haka suke barinsa. Abin da muke so mu gabatar maka yau ɗaya ne: duk inda abu ya yi sauƙi a manhaja, ko ya yi wuya, wani ne ya zauna ya so hakan, kuma amana ce a wuyansa.

Bari mu fara da inda tsari ya kusa jawo babbar musiba. Ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka, wani bawul, wato abin da ke buɗe bututu da rufe shi, ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta zuba. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar ya rufe. Ashe fitilar tana nuna cewa an ba da umarnin rufewa ne kawai, ba ta da labarin ko bawul ɗin ya bi umarnin. Fiye da awa biyu suka yi suna aiki da bayanin da ba gaskiya ba. Daga nan muke koya wa kowane sabon shiga cewa alama ta faɗi halin da abu yake ciki, kada ta faɗi abin da aka yi fata. Idan saƙon kuɗi bai isa ba, kada allo ya ce "an gama".

Wancan kuskure ne. Akwai wanda ake yi da gangan, kuma shi ne ya fi damunmu. A 2010 Harry Brignull na Birtaniya ya fara tattara irin waɗannan dabaru, ya raɗa musu suna mai ma'anar tsare-tsaren duhu. Ranka ya daɗe, ka san su ko ba a faɗa ba: madannin "na yarda" ƙato mai haske, na "ban yarda ba" ɗan mitsitsi mai launin toka a can ƙasa, akwatin da aka riga aka sa wa alama kafin ka iso, rajistar da ake shiga da latsawa ɗaya, amma fita sai ka ratsa shafi biyar, kowanne yana tambayarka ko ka tabbata. Mutum ya tashi ya ga an cire masa kuɗi, sai a ce ai shi ya danna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukumomi sun fara ɗaukar mataki. A Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 kan Google da miliyan 60 kan Facebook, saboda karɓar kukis, wato ƙananan bayanan da shafin intanet ke ajiyewa a na'urar mutum don gane shi da bibiyarsa, latsawa ɗaya ce, ƙin karɓa kuwa sai an yi ta dannawa. A Disambar shekarar, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince da biyan Dala miliyan 245 don mayar wa jama'a kuɗinsu, bayan hukumar kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da jera madannai yadda taɓa ɗaya bisa kuskure ke zama saye. Abin lura a shari'ar Faransa shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi: ƙirga latsawa. Ma'auni ne da kowane ma'aikacin gwamnati zai iya ɗauka da waya da takarda, ba sai injiniya ba.

To ta yaya mutanen kirki suke ƙera irin wannan? Sau da yawa ta hanyar gwaji ne. Ana raba masu amfani kashi biyu, a nuna wa kowane kashi tsari daban, bayan mako biyu a duba wanne ya fi kawo latsawa, a ɗauke shi. Gwajin ba ya ƙarya, amma abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa. Idan latsawa kaɗai ake aunawa, tsarin da ya fi ruɗa mutane shi zai ci kullum. Gyaran shi ne a ajiye wasu alƙaluma a gefensa: mutum nawa suka nemi a mayar musu da kuɗi, nawa suka kawo ƙorafi, nawa suka goge manhajar cikin kwana 30. In waɗannan sun tashi tare da latsawa, to nadama aka auna, ba gamsuwa ba.

Haka batun lokaci yake. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa a 2006, ya fito daga baya ya nuna nadamarsa a bainar jama'a. Ƙarshen shafi wuri ne da mutum kan tsaya ya tambayi kansa ko ya isa haka. Da aka cire shi, tambayar ta tafi. Sai dai ɗan cikas ma kayan aiki ne in an sa shi inda ya dace. A Janairun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 kuma saƙon da aka yi ta yawo da shi ya koma wuri ɗaya. Ba a hana kowa magana ba, an dai rage wa jita-jita gudu.

Kafin aiki ya fita daga hannunmu, ga abin da muke so ya zama doka a kanmu. Fita daga rajista kada ta wuce yawan latsawar shiga. "Ee" da "a'a" su zo da girma ɗaya a shafi ɗaya. Duk abin da ke ɗaukar bayanin mutum, ko wurin da yake, ko kuɗinsa, ya zo a kashe, shi zai kunna da kansa. Ga yara kuwa har da bidiyo mai kunna kansa. Sanarwa a raba ta biyu, wadda mutum ya aiko da wadda inji ya ƙago don a dawo da kai, ta biyun ta yi shiru sai an nema. Bambancin hasken rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, kamar yadda ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet ta tanada, kuma kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana, domin akwai waɗanda ja da kore ɗaya suke gani. Sannan a zaunar da aƙalla mutum biyar, cikinsu da dattijo, da mai raunin gani, da wanda karatu ke ba wuya, a ba su wayar, a yi shiru a kalli yatsansu. Za ka ga yatsa ya tsaya a sama da allo yana shawagi, ya sauka, ya janye. A nan matsalar take, ko da mai shi ya ce komai lafiya.

Gaskiyar magana, ranka ya daɗe, mai tsara manhaja ma'aikaci ne, akwai wanda ke sama da shi. Idan ya ƙi zana tarko, gobe a kawo wanda zai zana. Shi ya sa muke da roƙo guda biyu a gare ka. Na farko, duk manhajar da gwamnati za ta saya ko ta ba da kwangilarta, a rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin takardar kwangilar, a gwada su kafin a biya. Na biyu, a buɗe ƙofar da ma'aikaci zai kai rahoton tsarin yaudara ba tare da ya rasa aikinsa ba.

Bayan jawabinka za mu roƙe ka ka zagaya teburin da ke bayan zauren, inda muka ajiye wayoyi biyu masu shafin soke rajista iri biyu, ka ƙirga latsawar da hannunka. Muna sake yi maka barka da zuwa, kai da tawagarka. Allah ya ja zamaninka, ya mayar da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum.