Amsoshin Tambayoyinku: Su Wa Ake Ƙirgawa Cikin Marasa Aikin Yi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga Marwa ta iso, daga wani malamin lissafi. Ya ce yakan ji a labaran duniya wai yawan masu neman tallafin rashin aiki a Amurka ya hau ko ya sauka, to shin wannan adadin shi ne yawan marasa aikin yi a ƙasar?

A'a, Malam, ba shi ba ne. Duk ranar Alhamis Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka kan faɗi mutum nawa suka shigar da takardar neman kuɗin inshorar rashin aiki a makon da ya wuce, da kuma nawa ne ke ci gaba da karɓa. Kuɗin na wanda ya yi aikin albashi ne aka sallame shi ba da laifinsa ba. Wanda ya ajiye aiki don kansa galibi ba ya samu. Saurayin da ya gama makaranta bai taɓa aiki ba, babu shi a ciki. A yawancin jihohi kuma makonni 26 ne iyaka, ranar da suka cika an goge sunan mutum ko da bai samu komai ba. Shi ya sa a akasarin shekarun nan masu karɓar ba su kai ɗaya cikin uku na marasa aikin ba.

Amfanin adadin shi ne saurinsa. A ƙarshen watan Maris na 2020, da korona ta rufe kasuwanni, sama da mutum miliyan 6 suka shigar da takarda a mako guda, tun kafin wani lissafi ya nuna girman abin. Ainihin ma'aunin kuwa daga binciken wata-wata yake fitowa, wanda ake tambayar gidaje kusan 60,000.

Sai wata Hajiya daga Garwa, kuma da gani ranta a ɓace ta rubuto. Ɗanta ya gama jami'ar Ngaundare, yanzu haya yake da babur. Ta ji an ce rashin aikin yi a Kamaru bai kai kashi 4 cikin 100 ba, shi ne take tambaya: wace Kamarun ake nufi?

Hajiya, wannan tamu ce dai, kuma ba ƙarya aka yi ba, ma'aunin ne haka. A ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kafin a kira mutum mara aiki sai ya kasance bai yi aikin ko da awa ɗaya ba a makon da ake tambaya a kai, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. Ɗanki da ya ɗauki fasinja biyu zuwa babbar kasuwa ya samu sefa 500, ma'aikaci ne a takarda. Haka yarinya mai tallan gyaɗa, haka mai ɗaukar buhun albasa a tasha. Wanda kuma ya gaji da kai takardu ofis-ofis ya zauna a majalisa yana shan shayi, shi ma ba a sa shi cikin marasa aiki, tunda ya daina nema. A inda babu mai biyan mutum don ya rasa aiki, wa zai iya zama mako guda hannu rabbana? Sai ɗan da gidansu ke da hali.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta san da haka. Bincikenta na 2010 ya ba da kashi 3.8 na marasa aiki, amma a cikinsa ne aka ce kusan kashi 70 na masu aikin, aikin bai ishe su ba, ko ta lokaci ko ta kuɗi, kuma kusan tara cikin goma suna sana'o'in da ba su da rajista. A ganina wannan kashi 70 ɗin ya kamata 'yan jarida mu riƙa faɗi, don a nan ɗanki yake. Maƙwabtanmu Najeriya ma sun ga irin wannan: daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 suka koma 4.1 a farkon 2023, ba don an buɗe masana'antu ba, sai don an koma ma'aunin awa ɗaya.

Ta ƙarshe daga Kuseri, wani ɗan'uwa na tambaya ko yin rajista a ofishin FNE, wato asusun samar da aikin yi na Kamaru, na sa a riƙa ba mutum kuɗi duk wata. Ba a bayarwa, ɗan'uwa. An kafa FNE a 1990 don haɗa mai nema da mai ɗauka, da koyar da sana'a. CNPS kuma, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, fansho take biya, da alawus ɗin iyali, da diyyar haɗarin aiki, babu na rashin aiki. Idan ka haye gada zuwa Njamena, ONAPE ce ke irin aikin FNE. Ka yi rajistar, tana da amfani, sai dai masu suna a littafinsu waɗanda ofis ke kusa da su ne, ba manomin audugan da ke zaune tun bayan kaka yana jiran ruwan farko ba.