Littafin Lissafin Itace: Daga Gidan Burodin Amurka Zuwa Na Kawu a Katsina

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da Daura, da duk mai kallo daga inda yake. Asuba ba ta yi ba tukuna a nan Amurka, kuna ganin hucin bakina saboda sanyi. Wannan ginin da ke bayana gidan burodi ne, kuma shi ne ajinmu na wannan zangon karatu. Da yawanku kun tambaye ni me ya haɗa mai digiri na biyu a harkar kasuwanci da maganar muhalli. To ku biyo ni ciki.

Tsarin shi ne, makaranta tana raba mu rukuni-rukuni, ta haɗa kowane rukuni da wani kamfani ko asibiti ko ƙungiya, mu ba su shawara kan yadda za su rage ɓarnar wuta da ruwa da hayaƙi. Abin ya daɗe a ƙasar nan. Ƙungiyar Environmental Defense Fund tun 2008 take da shirin Climate Corps, inda take tura ɗaliban digiri na biyu cikin kamfanoni lokacin hutun bazara don irin wannan aiki. Akwai kuma ƙungiyar Net Impact, wadda ɗaliban kasuwanci suka kafa a 1993.

Ba da wa'azin sauyin yanayi muka fara ba. Takardun kuɗin wuta da na gas na shekara guda muka roƙa, da rasit ɗin man motocin da ke raba burodi. Akwai ma'auni da ake kira Greenhouse Gas Protocol, wanda ya kasa hayaƙin kamfani gida uku: wanda kake ƙonawa da hannunka, wanda ake ƙonawa don a ba ka lantarki, sai na ukun mai wuyar bi, wato na manomin alkama da mai leda da mai dakon kaya. Mu gida biyun farko muka riƙe, don su ne a hannun mai gida.

Yanzu ku matso ku ga wannan. Ƙofar ɗakin sanyi ce, inda ake ajiye bota da ƙwai. Kun ga robar da ke bakin ƙofar? Ta tsage daga nan har ƙasa. In na sa tafin hannuna, sanyi nake ji yana fita. Injin da ke sama kuwa ba ya hutawa dare da rana, yana ta cike gurbin sanyin da ke zubewa. Ma'aikata suna wucewa ta nan kullum, ido ya saba, ba mai gani. Can kuma tanderu ne guda biyu. Mun tarar ana kunna su tun kafin a gama kwaɓi, su yi ta ci babu komai a ciki, saboda haka aka gada daga wanda ya fara aikin.

Da muka zauna da mai gidan, tambaya ɗaya ya yi: nawa zan kashe, kuma yaushe kuɗina zai dawo? Ni wannan tambayar ta burge ni, don ita ce ta gaskiya. Mutumin da ke biyan albashi ba za ka ce masa ya ceci duniya da aljihunsa ba. Sai ka nuna masa cewa sabuwar roba za ta mayar da kuɗinta nan da nan, jinkirta kunna tanderu kyauta ne, sola a kan rufi kuwa sai an yi shekaru, a bar ta a ƙarshe.

Abin da ya hana ni barci shi ne tunanin gida. Kawuna yana da gidan burodi wajen Ƙofar Marusa, tanderun itace, ga janareta mai juya injin kwaɓi duk lokacin da aka ɗauke wuta. Na kira shi, bayan gaisuwa na ce, "Kawu, itacen nawa kuke ƙonawa a mako?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in ya ƙare dai sai a kira mai mota."

Na ce, "To dizal fa, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Wannan kam kada ka tayar mini da hawan jini."

Ba laifinsa ba ne, haka kusan kowa yake yi. Amma ku yi lissafin nan tare da ni. Lita ɗaya ta dizal in ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Mai ƙona lita 20 a rana, ya fitar da kilo 54 ke nan, a shekara ya doshi tan 20. Ku ɗauki litocin nan ku buga da farashin gidan mai na yau, za ku ga hayaƙin da kuɗin tafiyarsu ɗaya. Itacen kuma daga wani daji aka saro shi, a jihar da take cikin jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana, waɗanda aka kafa hukumar Great Green Wall, mai dashen itatuwa don tare hamada, dominsu a 2015. Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mai'adua da rani ya san yadda iska ke kwasar ƙasar gona.

Kuma kada wani ya ce wannan ilimin Turawa ne. Tsallaken iyaka kaɗan, a ƙasar Maraɗi, tun wajen 1983 manoma suka fara sassaben zamani tare da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo: maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar tohon da ya fi ƙarfi a sassabe sauran. Da wannan aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a Nijar. Manomin da ya bar gawo a gonarsa ya san yana zubar da ganye da damina ya taki ƙasa, ya ba dabbobi abinci da rani. Riba ya gani, shi ya sa abin ya ɗore.

A taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow a 2021 Shugaba Buhari ya yi alƙawarin Najeriya za ta kai matakin daidaita hayaƙinta, wato wanda take fitarwa bai wuce wanda ake zuƙewa daga iska ba, nan da 2060, kuma a shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Alƙawari ne babba, amma wa zai shiga gidan burodi da injin casar shinkafa da masana'antar fiya wata ya auna? Ga ɗaliban kasuwanci da na akanta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Al-Qalam, da Kwalejin Hassan Usman, da Foliteknik ta Tarayya a Daura. Kowace shekara suna rubuta furojet. Malamai, don Allah ku tura su kasuwa da biro da sikeli, su zauna da masu sana'a cikin ladabi, su fito da lissafin da mai shago zai iya amfani da shi gobe.

Kawu dai ya yarda. Ya sa babban yaronsa ya sayi littafi mai layi, za a riƙa rubuta buhun fulawa nawa aka kwaɓa, itace nawa aka sa, lita nawa aka zuba, awa nawa janareta ya yi. In wata ya cika zai turo mini hoton shafukan ta WhatsApp, kuma ya ba ni izinin mu duba su tare a bidiyo na gaba, mu ga itacen da buhu ɗaya ke ci. Mai gidan burodi ko injin niƙa da ke son a haɗa da nasa, ya fara rubutawa daga yau. Ga burodin farko can ana fitarwa, bari in je in taya su. Sai mun haɗu.