Hipokiratis Bai Ƙirƙiro Magani Ba

Kun ga hoton nan da ke ta yawo a Facebook? Tsoho mai sanƙo da gemu, an rubuta wai shi ya ƙirƙiro magani. Hipokiratis ke nan, ɗan tsibirin Kos a ƙasar Girka, haifaffen wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Maganar ba haka take ba. Misirawa sun fi shekara 1,000 suna ɗori da ɗinkin rauni kafin a haife shi.

[Hoto: kangon haikalin Efidawurus]

A wannan haikali na ƙasar Girka ne a da marar lafiya ke kwana, yana jiran Askilifiyos, abin bautar Girkawa, ya zo masa da waraka a mafarki.

Sai ga wani ɗan littafi cikin waɗanda ake jingina wa Hipokiratis, kan farfaɗiya, wadda suke kira cuta mai tsarki. Marubucin ya ce babu wani tsarki, daga ƙwaƙwalwa take, masu tsubbu ne ke fakewa da alloli don rufe jahilcinsu. Har ya ce wanda ke shakka ya fasa kan akuya mai wannan ciwo ya duba.

To, a nan ake tuntuɓe. Sai mutum ya ɗauka Girkawa sun gano gaskiya. Ina! Cewa ya yi majina ce ke toshe jijiyoyi. Kuskure ne. Suna ganin lafiya na rataye ne a kan ruwaye huɗu: jini, majina, da ruwan matsarmama rawaya da baƙi. Shi ma kuskure. Sabon abin shi ne dalilin da suka kawo na cikin jiki ne, wani zai iya dubawa ya ƙaryata shi.

Kuma suna rubutawa. Zazzaɓi, gumi, launin fitsari, rana bayan rana. A cikin littattafan akwai labarin majiyyata 42, kuma 25 sun mutu. Ba su ɓoye ba. Ni dai wannan ya fi burge ni. Wane mai maganin tasha ne zai ɗauki lasifika ya lissafo mamatansa?

[Taswira]

Sauran a gurguje. Herofilus, wani likitan Girkawa, ya feɗe gawa a Iskandariyya. Jalinusu, shi ma likitan Girkawa, ya tattara ilimin, Hunain bin Ishaƙ ya mayar da shi Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, Ibn Sina ya ɗora. Maganar ruwayen nan kuwa ta yi tsawon rai: a 1799 ma sai da likitoci suka yi ta zubar wa George Washington, shugaban Amurka na farko, jini da sunan magani saboda ciwon maƙogwaro, a ranar ya rasu.